Hannun Baba a Taron Likitoci

Baba yana tsaye a rumfarsa ta nama a kasuwa, yana sarar ƙashi da hantsi, wuƙa ta suɓuce daga hannunsa. Ya sunkuya zai ɗauka, ƙafa ta ƙi, ya zube a wurin. Mahautan da ke kusa suka ga bakinsa ya karkace, suka sa shi a keke napep zuwa asibiti. Ina cikin aji a makarantar firamaren da nake koyarwa a Mabera aka kira ni. Kafin in isa an riga an faɗa wa Inna abin da ya same shi: shanyewar ɓarin jiki ce, hawan jini ya kawo ta, kuma ɓangaren dama ta ɗauka.

Gwaggo, ƙanwar Baba, ita ce ta fara hana mu kuka. Ta ce mu kwantar da hankalinmu, ciwo ya zo gidan maganinsa, domin ɗanta likita ne, kuma a kan wannan ciwon ya yi duk karatunsa. Ta ce har Turawa sai sun ambaci sunansa kafin su rubuta littafi. Mun sha jin wannan magana a kowane suna da kowane biki, amma ranar ne kawai muka so ta zama gaskiya.

Ni da Likita taubasai ne, tun muna yara muke tsokanar juna, kuma na san shi tun yana kuka idan wani ya fi shi maki a jarrabawa. Bai samu zuwa ba sai bayan kwanaki, wai yana wani taro a Abuja. Da ya zo kuwa, da zuga ya zo, ɗalibai na biye da shi kamar ana rakiyar amarya. Ya tsaya a kan Baba ya ce, "Kawu, sannu," sannan ya juya ga ɗalibansa ya shiga zuba Turanci. Ya ɗaga hannun Baba ya saki, ya ja bayan biro a tafin ƙafarsa, ya sa shi ya yi murmushi don su ga yadda bakin ya karkace. Baba mutum ne da ko hularsa ba ya cirewa a gaban yara, amma ya yi duk abin da aka ce.

Ba zan ci haƙƙinsa ba, ya san aikinsa. Shi ya canza maganin hawan jinin, ya dace, shi kuma ya haɗa mu da masu gashi, ma'aikatan asibiti masu motsa gaɓoɓin da suka shanye, waɗanda suka yi ta fama da ƙafar har Baba ya fara takawa da sanda. Abin da na rasa ganewa shi ne yadda mutum zai dubi kawun da ya goye shi a kafaɗa, ya ga abin rubutu kawai.

Da muka koma gida Runjin Sambo ya ci gaba da zuwa. Ya kawo wata ƙwallon roba da wasu igiyoyi, ya ce wata dabara ce shi da kansa ya ƙirƙiro don farfaɗo da hannun da ya shanye, kuma Baba na cikin waɗanda ake gwada ta a kansu. Safe da yamma Baba zai zauna a kan tabarma, a cusa masa ƙwallon a tafi, ya yi ta ƙoƙarin matsawa har gumi ya keto masa. Likita zai tsuguna ya ɗauki hoto da waya, ya ce, "Madalla, Kawu, akwai ci gaba." Mu da muke kwana muna tashi da hannun ba mu ga ci gaban ba. Yatsun suna nan a lanƙwashe yadda suke tun ranar farko.

Wata rana yana zaune a zaure na kawo masa fura, na tarar yana murmushi shi kaɗai yana kallon waya. Na ce, "Likita, amarya aka yi maka?"

Ya ce, "Ta fi amarya. An sake ambato na."

Na ce ya fahimtar da ni. Ya gyara zama, domin ba abin da yake so irin a tambaye shi wannan. Ya ce idan mai bincike ya rubuta maƙala aka buga a mujalla, wani kuma ya zo rubuta tasa ya kafa hujja da ita, to an ambace shi ke nan. Akwai shafi a intanet da ke tara wa kowa nasa. Da shi ake auna malami, da shi ake ƙarin girma. Ya nuna mini zanen wasu sanduna a wayar, kowace ta fi ta bayanta tsawo, ya ce wannan shi ne darajarsa a duniya.

Na ce, "To su wa ke ambaton naka?"

Ya fara lissafo su. Wannan abokinsa ne tun jami'a, wancan ɗalibinsa ne, wancan kuma sun haɗu a taro suka yi alkawari. Sauran shi ne ya ambaci kansa a maƙalunsa na baya. Da ya ga yadda nake kallonsa sai ya ce kowa haka yake yi.

Na ce, "Ashe biki ne. Na kawo miki a sunanki, ki kawo mini a nawa. Da ka faɗa wa Inna tun farko, ai ta fi ka iya wannan ilimin."

Bai yi dariya ba. Ya ce matsalar 'yan firamare ke nan, komai sai sun mai da shi wasa. Ya shanye furar dai.

Bayan wasu watanni ya zo da fara'a ya ce maƙalar da ya rubuta a kan dabarar tasa ta fito, kuma za a yi taron likitoci a wani otal a cikin gari, shi ne babban mai jawabi. Yana so Baba ya je a gan shi. Inna ta ce ba ta yarda a kai mijinta kallo ba. Baba ya ce da bakinsa mai nauyi, "Ɗan ƙanwata na. In na ƙi, mi zan ce mata?" Aka fito da babbar rigarsa ta Sallah, aka goge. Ni aka ce in raka shi, tunda ina jin Turanci.

A bakin zauren taron Likita ya tare mu, cikin kwat, yana ƙamshi. Ya sunkuya ya ce, "Kawu, in na ce ka ɗaga hannu, sai ka ɗaga."

Baba ya ce, "Wane hannu?"

Kafin ya ba da amsa wani babban baƙo ya iso, ya bar mu ya ruga tarbarsa.

Aka zaunar da mu a gaba, sanyin na'ura na dukan Baba har na lulluɓa masa mayafina a gwiwa. Mai gabatarwa ya ɗauki lokaci mai tsawo yana karanto yawan maƙalun Likita da ƙasashen da aka ambace shi, ana tafi. Likita kansa da ya hau dandamali, da sandunan nan nasa ya fara, an haska su a bango sun yi tsawon mutum. Can sai ga hoton Baba a kan tabarmarmu, da ƙwallo a hannu, an ja baƙin layi a kan idanunsa wai don kada a gane shi, alhali ga shi nan zaune a gabansu da hularsa. A bayan hoton har butar Inna ta fito.

Sai Likita ya ce yau ya kawo musu shaida mai rai. Aka taimaka wa Baba ya hau dandamali da sandarsa, aka ba shi kujera. Likita ya juya harshe zuwa Hausa ya ce, "Kawu, ɗaga muna hannunka na dama."

Baba ya dube shi, ya dubi jama'a. Ya jingine sandar a jikin kujera, ya sa hannun hagu ya kamo na daman a wuyan hannu, ya ɗaga shi sama sosai yadda na can baya ma za su gani. Ya riƙe shi haka na ɗan lokaci, sannan ya saki. Hannun ya faɗo a kan cinyarsa, tim, har makirufo ya ɗauki ƙarar.

Na ji kunya ta kama ni, ban san ko ta wa nake ji ba. Amma Likita ko gezau. Ya ce da Turanci, kun ga yadda maras lafiya ya koyi taimakon kansa da kansa, wannan ma yana cikin nasarorin dabarar. Ya miƙa wa Baba makirufo ya ce ya faɗi wani abu.

Baba ya ce, a hankali, kalma bayan kalma, "Ƙahwa dai alhamdu lillahi, masu gashi sun yi ƙoƙari. Hannu kau bai tashi ba."

Likita ya karɓe makirufon ya fassara. Ya ce dattijo yana godiya ga Allah da kuma masu bincike bisa sauƙin da ya samu.

Na juya na dubi zauren. In ka cire baƙi 'yan ƙalilan, duk wanda ke wurin da Hausa aka yaye shi. Sun ji abin da Baba ya ce, sun ji abin da aka fassara, kuma sun ga hannun da idonsu. Wani mai furfura a layin gaba ya fara tafi, sauran suka ɗauka. Da aka ba da damar tambaya, wanda ya tashi cewa ya yi aikin ya burge shi, zai so su haɗa hannu su rubuta wata maƙalar tare. Aka tashi cin abinci.

Motar da aka yi alkawarin za ta mai da mu gida tana jigilar manyan baƙi, sai muka fito titi na tare keke napep. A hanya na yi ta faɗa, na ce wallahi sai na je har gida na gaya wa Gwaggo irin ɗan da ta haifa. Baba ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Ba ki zuwa. Ni ya ce in ɗaga, na ɗaga. Ya ce in yi magana, na yi. Abin da yaf faɗi bayan nan, shi da Allah." Can ya ƙara da cewa abin da ya fi damunsa a wurin sanyin na'urar ne.

Likita bai sake zuwa gidanmu ba sai da Sallah, ya gaisa a tsaitsaye. Ba fushi yake yi ba, ya gama da hannu ne ya koma binciken wani abu. Na ji an ce maƙalar tana ta samun ambato, ban kuma yi mamaki ba. Ba a daɗe ba aka yi masa farfesa, Gwaggo ta shirya walima a gidanta da ke Tudun Wada.

Tun da ciwon ya same shi Baba bai taɓa cin abinci a gaban baƙo ba, saboda da hagu yake ci, kuma abin yana masa ciwo ƙwarai. A ɗaki ake kai masa, ya sa a saki labule. Don haka muka ɗauka ba zai je walimar ba, ni kuwa da ma na rantse ƙafata ba za ta taka ba. Da la'asar ya kira ni ya ce in ɗauko mayafina in raka shi. Muka tarar ana ta jawabai a ƙofar gida, an sa wa Farfesa wata jar riga da hula mai tuntu, yana zufa a cikinsu. Baba ya yi masa addu'a, ya zauna cikin dattawa. Da aka ajiye tire na shinkafa da nama ya yi bisimilla ya sa hannun hagu a gaban kowa. Ya ɗauki tsoka ɗaya ya tauna, ya juyo ya ce mini wanda ya sayo naman nan an cuce shi, tsohuwar saniya ce.