Mai Burodin da Aka Hana Cin Burodi

Babana mai gashin burodi ne. Shekara talatin da huɗu yana sana'ar a shago ɗaya mai ɗaki biyu: na gaba inda ake sayarwa, na baya inda tanderu yake da teburin murza kwaɓi. Duk wanda ya tashi a layinmu da burodinsa aka yaye shi. Ba wanda ke kiran sunansa, Mai Burodi kawai ake cewa, har takardar ɗaurin aure haka ake rubuto masa.

Mutum ne mai faɗi. In ya tsaya a ƙofar ɗakin baya, iska ma sai ta jira ya matsa. Ni ce 'yarsa ta fari, malamar makaranta, kuma na gado shi a jiki da taurin kai, don haka duk laifinsa da zan faɗa ban cire kaina ba. Uwata yake kirana. Abokin aikinsa tun suna samari shi ne Dogo, wani siririn bawan Allah da ke cin abincin mutum uku amma har gobe wandonsa da igiya yake ɗaure shi. Baba kan ce abincin Dogo a jikinsa yake fita, don shi ke ci, Baba ke ƙiba.

Gwiwoyi ne suka fara yi masa gardama. Da farko in ya durƙusa sai ya dafa bango ya tashi, daga baya durƙuson ma ya gagara. Sai ya koma yin salla a kan kujera, wata farar kujerar roba da ake ajiye masa a ƙarshen sahu. Bai taɓa kuka da ciwon ba. Yana tsaye a gaban tanderu tun safe har la'asar, yana raha da masu saye. Amma wata rana na raka shi asibiti, muna zaune a kan benci muna jiran layi, ya ce da ni a hankali, ba tare da ya dube ni ba:

"Uwata, ba ciwon ne ke damuna ba. Shekara biyu ke nan goshina bai taɓa ƙasa ba."

Tausayinsa ya kama ni har na ji haushin kaina da ban lura ba tuntuni.

Likita bai yi mana alkawarin komai ba. Ya ce nauyi ya yi wa gwiwar yawa, in aka rage kamar kilo ashirin za ta samu sauƙi, wataƙila har ya iya durƙusawa. Ya tura mu wurin wata mai ba da shawara kan abinci. Tana fara cewa a bar burodi, Baba ya jawo hularsa zai tashi.

"'Yata, ki ce da kifi ya bar ruwa mana," in ji shi.

Matar ta san aikinta. Ta ce to ba bari za a yi gaba ɗaya ba, juyi za a riƙa yi. Kwana biyar a jere babu abinci mai sitaci: ba shinkafa, ba taliya, ba dankali, ba burodi, ba sukari a shayi. Sai ƙwai, kifi, nama, ganye. Kwana biyu kuma, Asabar da Lahadi, ya ci abin da ya saba amma da hankali. Litinin a koma. Baba ya yi lissafi da yatsu, sannan ya ce in dai akwai ranar fita, zai iya zaman gidan yari. Daga nan kwanakin suka samu suna a gidanmu: biyar na gidan yari, biyu na beli.

Umma ta ɗaura ɗamara. Kullum da rana sai ta aika masa kwano: kabeji, kifi, dafaffen ƙwai biyu. Ya buɗe, ya leƙa, ya rufe, ya sake buɗewa ko wani abu ya canja.

"Wai ni akuya ce?" yake tambayar Dogo.

"Akuya ba ta samun ƙwai," in ji Dogo, yana kai lomar shinkafa a gabansa ba ko kunya.

Amma ya ci, kuma ya daure. Na shaida da idona ya sha shayi babu sukari, yana yamutsa fuska kamar mai shan magani. Ciwon kai ya dame shi a makon farko, bai karya ba. Na saya masa sikeli, na ɓoye a ɗakina don kada ya riƙa hawa kullum yana tayar wa kansa da hankali. Da aka cika mako shida na fito da shi tsakar gida, kowa ya kewaye. Baba ya cire takalmi, ya cire hula, har agogo ya cire. Ya hau. Rabin kilo ya ragu.

A nan na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na ce, "Baba, faɗa mana gaskiya, a ina kake ci a ɓoye?"

Ya dube ni tsawon lokaci. Mutumin da a shekara talatin da huɗu bai taɓa sayar da burodin jiya da sunan na yau ba, shi na kira maƙaryaci a gaban matarsa. Ya ce wallahi tun da aka fara bai ci sitaci a ranar gidan yari ba. Ya sa takalminsa ya fita. Kwana uku in na gaishe shi sai ya amsa a taƙaice, babu Uwata a ciki.

Na zargi sikeli, na kai shi shagon mai magani aka gwada, lafiyarsa lau. Na zargi Umma da tausayi, ta kusa jifana da ludayi. Na tsare Dogo, ya rantse ko ƙwayar shinkafa bai taɓa ba shi ba, kuma na yarda, don Dogo ba ya kyauta da abinci. Da aka yi hutun makaranta sai na ɗauki littattafan da zan duba na tafi shagon, na zauna a kan buhun fulawa a ɗakin baya. Na ce yau sai na ga abin da ya ture wa buzu naɗi.

Gashin farko ya fito. Dogo ya jawo gwangwanaye da dogon katako, ya juye su a tebur. Baba ya ɗauki burodi ɗaya da zafinsa, ya raba biyu da hannu, ya sa hanci ya shaƙi tururin. Ya rufe ido. A tsaye ya cinye rabin, a hankali, yana gyaɗa kai, ya miƙa wa Dogo sauran.

"A fitar," ya ce.

Tun ina rarrafe nake ganin wannan abu. Sau dubu na gani, kuma ni ma ban taɓa ɗaukarsa ci ba. Na ci gaba da kallo. Gashi na biyu, haka. Na uku, haka. Sau shida ake gashi a rana, rabi-rabi sau shida, burodi uku cur ke nan, ga kuma kifi da ƙwai da aka ƙara masa don ya ƙoshi. A na huɗu na kasa haƙuri.

"Baba, me kake yi?"

"Aiki."

"Ci kake yi fa."

Ya dubi burodin da ke hannunsa, ya dube ni, da gaske bai gane ba. "Ci kuma? Wannan ai ɗanɗano ne. Ci a zaune ake yi, a wanke hannu, a ɗauko kwano."

"To cikinka ya san a tsaye kake?"

Dogo ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Baba bai yi ba. Ya ajiye ragowar a tebur ya goge hannu a jikin rigar aikinsa. Ni kuwa na durƙusa na ba shi haƙuri, don rantsuwarsa gaskiya ce, bai ɓoye komai ba, a gaban kowa yake yi. Ya ce ya yafe, amma na ga fuskarsa ta canja.

"Uwata," ya ce, "wanda ya koya mini sana'ar nan ya ce kada in sayar wa mutane abin da ban sa a bakina ba. Yis yakan mutu, fulawa takan canja, gishiri yakan zarce. Ido ba ya gani, harshe ne ke faɗa. In na bar ɗanɗano, na bar sana'a."

Nan muka maƙale. Na ce ya ɗan gutsiri kaɗan, ya ce shi ya san kansa, in ya fara ba ya tsayawa. Na ce Dogo ya riƙa ɗanɗanawa, Baba ya ce harshen Dogo ko takalmi ka ba shi da zafi zai ce a ƙaro. Dogo bai musa ba. Ni kuma hutu na ƙarewa zan koma makaranta. Muka koma gida muna ta ja-in-ja, Umma na tsinke ganye tana jinmu. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba:

"Ni zan je in ɗanɗana."

Umma mace ce mai ƙarancin magana, kuma duk tsawon aurensu ba ta taɓa wuce kantar shagon ba. Baba ya yi dariya ya ce me ta sani a harkar burodi. Ta ce shekara talatin da huɗu tana karyawa da burodinsa kullum, in ba ta sani ba wa zai sani.

Litinin ta je da mayafinta da 'yar kujerarta. Gashi ya fito, Baba ya raba burodi biyu ya miƙa mata rabi. Ta gutsiri ɗan mitsitsi, abin da bai fi kan yatsa ba, ta mayar masa da sauran.

"Shi ke nan?" in ji Baba.

"Ɗanɗano ka ce, Malam." Ta tauna, ta haɗiye. "Ya gasu. Yis lafiya. Sukari ya yi yawa."

"Yau ɗin?"

"Ya kai shekara bakwai."

Dogo ya sulale waje, wai zai duba itace. Baba ya riƙe ƙugu. "Shekara bakwai! Me ya hana ki faɗa?"

"Ka tambaye ni?"

Bai yarda ba, ya ce santsin bakin mata ne. Amma ya cika kwana biyar ɗin nan na gaskiya, na farko tun da aka fara, ko ɓawon burodi bai taɓa ba. Ranar Asabar ya zo shago da zumuɗi, ranar beli ce. Gashin farko na fitowa ya raba, ya shaƙa, ya rufe ido ya kai baki. Ya tauna sau biyu ya buɗe idon.

"Wa ya ƙara sukari?"

"Gwangwanin awonka ne, hannunka ne," in ji Dogo. "A da shafe bakinsa kake yi. Yanzu tozo kake yi masa."

Ashe harshen da ya dogara da shi ya saba da zaƙi har ya daina ji, shi kuma yana ta ƙarawa kaɗan-kaɗan don ya cim ma ɗanɗanon da ya sani. Sai da harshen ya huta kwana biyar sannan ya faɗa masa gaskiya. Baba ya juya wurin Umma ya ce, "To, Malama, nawa za a rage?" Ban taɓa jin ya tambayi wani abu a kan burodi ba sai ranar. Bayan mako biyu wata tsohuwar ungozoma da ke saye tun buɗe shagon ta leƙo ta ce wa ya dawo mata da burodin da.

Daga nan sikeli ya fara motsi. Ba a miƙe ba, kar in yi ƙarya. Akwai Lahadin da ya ɗauki beli kamar an ce duniya za ta tashi Litinin, ya mayar da kilo biyu a mako guda, muka yi faɗa. Akwai watan da nauyin ya tsaya cak, ya ce ya gaji, a ƙyale shi da kujerarsa. Washegari dai Umma ta aika kwanon kabeji kamar kullum, shi kuma ya ci. Mai gyaran takalmi ya ƙara wa bel ɗinsa huda uku. A wata na tara ya sauke kilo goma sha huɗu. Bai kai ashirin ba, har yau ma bai kai ba. Likita ya ce ya gwada durƙuso a hankali, amma Baba ya ƙi. Tsoro yake ji kada ya sauka ya kasa tashi a gaban mutane.

Wata Laraba na biyo ta shagon daga makaranta, ruwan sama ya tsare ni a can. La'asar ta yi, ruwan ya hana fita masallaci. Baba ya yi alwala, ya shimfiɗa darduma a ɗakin baya tsakanin tebur da buhunan fulawa. Dogo ya kawo masa kujera ya ajiye a bayansa. Ni da Umma muna zaune a gefe.

Ya tayar da salla a tsaye, ya yi ruku'u, ya ɗago. Maimakon ya zauna, sai na ga ya miƙa hannu ya dafa buhu. Gwiwar dama ta sauka, na ji ƙararta daga inda nake. Ta hagu ta bi. Sai ya sa goshinsa a ƙasa.

Bai ɗago ba. Na ƙirga numfashi goma, ashirin, yana nan. Na ce a raina shi ke nan, ƙafar ta riƙe. Na yunƙura zan je in ɗaga shi, Umma ta kama wuyan hannuna ta matse, ta girgiza kai. Bayansa kawai muke gani yana ɗan rawa. Burodi ya fara ƙauri a tanderu, Dogo na tsaye da katako a hannu, bai motsa ba.

Da ƙyar ya tashi, yana dafa buhun, kuma haka ya yi kowace raka'a har ya idar. Yana sallamewa na matsa kusa da shi.

"Baba, ƙafar ce ta riƙe?"

Ya shafa fuskarsa da tafin hannu, idanunsa sun yi ja.

"A'a, Uwata," ya ce. "Maganar kusan shekara uku ce ta taru. Ban ma gama ba."