Matan da Suka Ɗaure Kaya a Nakkasa

Barin gida

Gari bai gama wayewa ba na baro Fagge, bayan na durƙusa na yi wa Baba sallama. Umra za ni, amma shi ba ita ce a ransa ba. Ƙanwarsa, Gwaggo Binta, ta tafi Hajji tun ina goye, ta zauna can babu takardar zama. Ciwo kuwa ya ci jikin Baba. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ka zo mini da ita in gan ta, ko sau ɗaya ne."

A tasi rediyo na ta surutu kan wani ƙudiri da ke gaban majalisa, wai a rage hannun gwamnati a filayen jirgin sama, a sakar wa 'yan kasuwa. Direban ya yi tsaki ya ce, "Alhaji, ko wa ya karɓa, sai an sa ka cire takalmi." Bai yi ƙarya ba. A filin jirgi har bel sai da na cire, na wuce ina riƙe da wando.

Jidda zuwa Misfala

A Jidda muka sha layi, aka ɗauki hoton yatsunmu, muka hau bas zuwa Makka. Na sauka a unguwar Misfala, ɗaki ɗaya da wasu Zage-zagi masu minsharin da ya fi ƙarar jirgin. Na yi Umrata, na ci shinkafa da kaza, na yi barci. Washegari bayan azahar na tare motar wani Usman, haifaffen nan, Hausarsa rabi Larabci. Na ce ya kai ni Nakkasa, unguwar kan dutse inda Gwaggo take.

"Nakkasa? Ya ammi, halas, an rushe. Wa kake nema a can?"

Na ce gwaggota. Ya kai ni gindin dutse, ya ce mota ba ta hawa, shi ma ba ya hawa.

Nakkasa

Ni ba matsoraci ba ne, amma wurin nan ya taɓa ni. Rana tsaka, babu motsin kowa. Matakala na hawa sama su ƙare a iska. Ga wata ƙofa tsaye da kwaɗonta a rufe, bayanta babu gida. Kyanwoyi na bin ni da ido ba sa ko kuka. Na yi sallama don in ji muryar mutum, dutsen ya maido mini da ita.

Can sama, a inuwar wani bango, na tarar da su. Tsofaffin mata ne a jere, kowacce zaune kan ƙullin kayanta, da jarkar zamzam a gefe, duk sun fuskanci hanya. Ba sa hira. Na tsaya ban san wadda zan gaisar ba.

Wata siririya ta miƙe ta ce, "Babana ne. Tafiyar Yaya ce wannan." Sunan mahaifinta aka sa mini, don haka ba ta iya kiran sunana. Ta rungume ni, na ji ƙasusuwanta.

Na tambayi ina za su da kaya haka. Wata Basakkwaciya ta ce, "Gida mana, ɗiyana. An turo muna murya a waya, an sassauta dokar filin jirgi. Ba basma, ba tarhil. Mu tai mu ga dangi mu komo."

Basma ita ce ɗaukar yatsu. Tarhil kuwa shi ne mutum ya miƙa kansa a tsare shi a mayar da shi ƙasarsa, a hana shi dawowa. Labarin da na ji a tasi ne ya tsallako teku ya zama wannan. Gidajensu sun tafi, suna raɓe wajen 'yan uwa a unguwar Utaibiyya, amma kullum sai sun hawo nan da kaya, don an ce nan za a aiko mota.

Na faɗa musu gaskiya. Na ce magana ce ta filayen jirgin ƙasarmu, ko dokar ba a yi ba, kuma ko an yi ba ta shafi fitarsu daga nan ba. Suka mayar da ido kan hanya kamar iska ce ta wuce.

Gwaggo ta rako ni gangare. Sai da muka yi nisa ta ce, "Na sani, Babana. Tun ranar da aka turo na sani. Amma in suka kwance kayan nan, me zai tashe su da safe?"

Na ce Baba na jin jiki, ta daure ta bi ta tarhil. Ta daɗe tana kallon hasumiyoyin Harami daga nesa.

"In na fita ta nan, ba ni ba ganin Ka'aba har in mutu. In na zauna, ba ni ba ganin Yaya. Kullum ina zaɓa, kullum ina kasawa." Ta goge ido da mayafi. "Ka ce masa ya yafe mini."

Ta juya ta koma sama, ta zauna kan ƙullinta.

Komowa

Na yi ɗawafin ban-kwana zuciyata a jagule, muka taso daga Jidda, muka sauka Kano da la'asar. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Usman da ya jira ni a gindin dutse bai gudu ba.

Da na shiga ɗakin Baba, bai dube ni ba. Bayana yake leƙawa, wajen labule. Na isar da saƙon kamar yadda aka ba ni, ban rage komai ba.

Sannan ya ce, "Na yafe. Amma ku mayar mini da gadon nan zaure, inda nake iya ganin ƙofa."