Baffa a Gurbin Sifili

Har yau in na ga buhun irin shinkafa sai raina ya ɓaci.

Shekarar da wata ƙungiya ta zo raba wa manoman Iware ingantaccen iri, ni aka ɗauka aikin kwamfuta. Ina zaune a Barade lokacin, ina ɗan taɓa rubuta manhaja, ina ji da kaina ba kaɗan ba. Suka ce ba rajistar takarda, a bulokcen za a zuba kowa, wato rumbun intanet da ba mai iya gogewa ko cusa ɗan'uwansa. Aka buɗe wa kowane manomi adireshi, wasu haruffa da lambobi zororo, aka shigar tare da sunansa, bi da bi yadda suka tsaya a layi. Ni ko leƙawa ban yi ba, wai aikina na ofis ne.

A wajenmu ba a barin dattijo a tsaye. Baffa, yayan mahaifina, shi ya fi kowa shekaru, sai aka ja shi gaba. Da murnarsa ya koma gida ya rabar wa maƙwabta tsohon irinsa.

Ana gobe rabo aka ce in karanto jerin in buga sunaye. Abin ba ya ba ka jerin a dunƙule, sai ka tambayi gurbi ɗaya-ɗaya. Na fara daga ɗaya, na bi har ya ce babu saura.

Ranar rabo aka kira kowa, ban da Baffa. Ya matso teburina da buhunsa a naɗe, ya rage murya.

"Ɗana, duba dai da kyau. Ni aka fara rubutawa."

Ni kuwa, uban 'yan sani, na ɗaga murya a gaban jama'a: "Baffa, na'ura ba ta ƙarya. Ba ka ciki."

Ya juya da buhunsa ya tafi. Daminar nan fadamarsa ciyawa ta haifa.

Sai bayan an yi nisa da noma, ina wani aikin daban, abin ya faɗo mini: irin wannan jerin daga sifili yake fara ƙirga, ba daga ɗaya ba. Na tambayi gurbin sifili. Ga adireshin Baffa nan zaune daram! Na zagi wanda ya ƙirƙiro ƙirga daga babu, na zage shi tas, amma wallahi na san ƙa'idar, na karanta ta. Girman kai ne ya hana ni dubawa da tsoho ya ce in duba.

Na je har gida na durƙusa na faɗa masa. Ya ce ba komai. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Da shekara ta zagayo aka sake rajista, na je da ƙafata. Jama'a suka yi ta kira, "Baffa, zo gaba mana!" Ya girgiza kai, ya dogara sandarsa, ya koma can ƙarshen layi ya tsaya a rana.