Ƙwaryar da Na Wanke

Jiya wata maƙwabciya a unguwarmu ta Mansur, nan Makka, ta aiko a sam mata irin nono na haɗa kindirmo, sai surukata ta faɗo mini a rai.

Kowace bazara mukan bi masu gudun zafin Makka zuwa duwatsun Ɗa'if. Can take sayen madarar awaki wurin makiyaya, ta yi kindirmo, baƙi su zauna a inuwa su sha. Aikinta a jere yake: ta tace, ta dafa, ta jira madarar ta huce, sannan ta juye a wata tsohuwar ƙwarya mai ƙamshin tsami. Irin da ke jikin ƙwaryar daga rugar mahaifinta ta taho da shi, ta ratsa Chadi da Sudan.

Ina amarya, ban san haka ba. Na ga ƙwarya da maiƙo, na dirje ta da toka da sabulu, na kife a rana.

Surukata ta ɗauka ta shinshina.

Sai ta ce, "'Yar nan, kin wanke garinmu."

Na durƙusa ina kuka, ina jiran ta kira ɗanta.

"Tashi, ba mutuwa aka yi ba. Je ki wurin Balarabiyar can ki roƙo ludayi guda na nononta. Tunda nan muka zauna, kindirmon ma sai ya koyi Larabci."

Har ta rasu, ɗanta bai ji maganar nan ba. Allah Ya shayar da ita daga ƙoramun madarar Aljanna.