Tiyon Man da Ya Hana Inna Tashi

Ana sallame sallar asuba muka bar Gusau, ni da wani abokina da muka yi makaranta tare, ga batirin mota a buhu, ga famfon taya. Jama'a kun san ni da yawo, amma wannan karon ba yawon buɗe ido ba ne. Mahaifiyarsa muka je ɗaukowa daga wani ƙauye a ƙasar Bukkuyum, can gaban Zugu. Rabin garin ya watse saboda 'yan bindiga, saura tsofaffi da waɗanda ba su da inda za su. Shekara guda yana roƙonta ta dawo wurinsa, ita kuwa magana ɗaya take maimaitawa: ba ta barin motar yayansa a baya a zo a ƙone. In motar ta tashi, ita ma ta tashi.

Yayan nasa ya rasu shekara uku da suka wuce, a hanyar gona aka tare shi. Motar kuwa tsohuwa ce mai ƙofa biyu, irin ta tsere, da ya saya tun yana aiki a Kaduna. An gaya mana ta waya cewa injinta lafiya lau, tiyon mai ne kawai ya ruɓe. Ga bazara ta yi nisa, da zarar ruwa ya sauka rafi ya kawo, ko jaki sai ya yi shawara kafin ya bi hanyar nan.

Motar haya muka shiga, mu huɗu a baya, biyu a gaba. Kuɗin mota ya kusa ninka abin da na sani. Daga Mayanci zuwa Anka ba mai hira, kowa ya zuba wa daji ido yana motsa baki. Ni da ba na iya rufe baki, sai da na yi kusan awa biyu shiru, abin da matata ba za ta yarda ba ko na rantse.

A Anka muka karya da waina da miyar taushe, muka shiga neman tiyo. Nan muka yi kuskuren farko. Ba mu ga motar ba tukuna, ba mu da guntun tsohon a hannu, abokina ya ɗaga ɗan ƙaramin yatsansa ya ce kaurinsa kamar haka ne. Anka kuwa garin masu haƙar zinari ne, duk shagon da ka leƙa tiyo ne jibge, amma na injin ban ruwa da wankin ƙasa. Ka ga samari daga jihohi daban-daban, ƙafafu fari fat da laka, suna ciniki da Hausa iri-iri. Mai shago ya yanko mana wani fari, wanda ana hango cikinsa, ya ce, "Alhaji, wanga ko wuta ka zuba ciki ba ya komi." Na ce to mu fetur za mu zuba. Ya ce ai fetur ƙanen wuta ne. Muka yi dariya muka karɓa.

Maganar fetur kuma, ba a wucewa shingen jami'ai da jarka a yankin nan, don kada ta kai ga mutanen daji. Dabarar da ake yi ita ce, 'yan kabu-kabun da za su kai ka su cika tankunansu taf, in an isa su zuƙo maka abin da za su iya ragewa. Haka muka yi da mutum biyu a inda kwalta ta ƙare. Muka hau, ni na rungume batir kamar jariri. Hanya duk yashi da kwazazzabai. Mun wuce ƙauyuka biyu ba hayaƙi ba kukan zakara, rumbuna a buɗe, ƙofofi a jingine. Wanda ya ɗauko ni ya nuna wata tsamiya da baki ya ce, "Nan ba a tsayawa."

Mun isa da rana tsaka. Inna tana tsakar gida tana tsince gero, ƙaramar tsohuwa mai kaifin ido. Ta dubi ɗanta ta ce ya rame, ta dube ni ta ce ni kam na cinye rabonsa. Ta dama mana fura da nono mai tsami wanda na jima ban sha irinsa ba.

Motar tana ƙarƙashin rumfar kara, lulluɓe da tsoffin zannuwa. Ja ce, cikinta dab da ƙasa kamar ƙadangare, fitilunta a rufe suke sai an kunna su ɗago. Kwaɗo ake kiranta a garin. Ba ƙura ko kaɗan a jikinta, ashe duk Juma'a Inna ke goge ta da tsumma.

Bakanike ɗaya ya rage a garin, mai gyaran babura, dattijo mai haƙuri. Muka buɗe bonet, shi ya shige ƙarƙashi. Tiyon da ke jiki baƙi ne, da ka lanƙwasa sai ya tsage kamar busasshiyar fata. Kuma ba ɗaya ba ne, uku ne suka fito daga tanki, duk kama ɗaya. Kafin in ce a ɗaura wa kowanne zare a san inda ya fito, ya riga ya fizge su duka ya zubar gefe. Kuskure na biyu ke nan. Muka koma gane su da baki: ya hura wannan bututu, ni na kara kunne a bakin tanki, in na ji ɓulɓul to na ƙasa ne mai ɗauko mai. Da haka muka gano shi. Na biyu iska kawai yake fitarwa. Na ukun kuwa, bakaniken ya tsaya yana kallonsa, ya ce shi duk rayuwarsa tiyo ɗaya ya sani, daga tanki zuwa kafireta, wannan ƙarin Bature ne kawai. Ya samo ƙusa ya toshe shi. Ni da na yi yawo har Agadas da Kumasi ina tsaye ina gyaɗa kai. Farin tiyon Anka ya ɗan yi wa bututun yawa, ya naɗe bakin da robar tsohon tub na taya, ya ɗaure tamau.

'Yan kabu-kabu suka zuƙo mana abin da ya sawwaƙa, suka ce iyakarsa ke nan, saura na komawarsu ne. Aka ba tayoyi iska, aka ɗaura batir. Bugu na huɗu ta kama. Wani gurnani mai kauri, kaji suka watse, tsofaffi suka fito daga gidaje. Abokina ya taɓa wani maɓalli, Kwaɗo ta buɗe ido.

Inna ta juya. Ta shige ɗaki, ta fito da sabon mayafi da ƙullin kaya a hannu, ashe tuni yake a ɗaure. Ta yi wa maƙwabciyarta wasiyyar awaki, ta sunkuya ta shiga kujerar gaba, ta ɗora ƙullin a cinya. "Nan nike zamnawa in yayanka zai kai ni Gummi," in ji ta.

Mun bar injin ya yi zafi kamar minti goma. Ni na fara jin warin. Na leƙa, sai na ga farin tiyon ya yi laushi ya kumbura kamar hanjin rago. Ban gama cewa a kashe ba ya fashe, fetur ya yi feshi kan inji, ya bi ƙasa yana gudu. Allah ne kawai ya tsare ba ta kama da wuta ba, da tsohuwa a ciki. Muka yi ta watsa yashi. Abin da ya rage a tanki ko kwano bai cika ba.

Inna ta fito da kanta, ta gyara mayafi. Abokina ya durƙusa ya ce, "Inna, don Allah ki hau babur, na yi alkawari zan dawo in ɗauki motar." Ta dafa kansa ta ce, "Yayanka ma haka yac ce, zai dawo. Ku tai ku samo na ƙwarai, ina nan." Ta mayar da ƙullinta ɗaki. 'Yan kabu-kabu na ta duban rana, don ba a yin la'asar a hanyar nan. Na tsinci guntun tsohon tiyo na sa a aljihu, muka fita.

Gummi muka kwana. Da safe, bayan kunu da hoce, gasasshiyar wainar dawa ta can, aka kai mu garejin wani tsohon bakanike wanda ya san motocin da. Ya karɓi guntun, ya shinshina, ya yanka ya nuna mana saƙar zare a tsakiyar robar. Ya ce tiyon mai da zare yake, baƙi ne, kuma da kilif na ƙarfe ake ɗaure shi, don fetur cinye robar tub yake yi. Da na ba shi labarin ƙusa sai ya kama haɓa. Ya ce wannan bututun ai shi ke mayar da rarar mai tanki, mun toshe wa mai hanyar komawa, dole ya nemi inda zai fita. Ya tona wani akwati ya fito da sabon tiyo na gaske, ya auna da guntunmu, ya yanka gida uku, ya ɗaura wa kowanne ƙyalle mai launi daban, ya haɗa da kilif shida. Aikin da bai kai rabin awa ba.

Da azahar muna bakin hanyar shiga. 'Yan kabu-kabu na zaune ƙarƙashin bishiya, ba wanda ya miƙe. Suka ce an tare hanya da safe, ba mai shiga. Muka koma washegari, muka ƙara komawa. Ranar ta uku hadari ya haɗu ta gabas, aka tafka ruwan farko. Abokina ya tsaya cikinsa da ledar tiyon a hannu, sai da na ja shi.

Mun dawo Gusau jiya, ba mota ba Inna. Babu sabis ɗin waya a garin su Inna, sai wanda ya hau tudu. Na yi tafiye-tafiye da yawa, na saba dawowa da tsaraba da labarin ban dariya, wannan karon abin da na koyo kaɗan ne kuma ya zo a makare. Kada ka sayi tiyo ba ka riƙe da tsohon. Kada ka cire ba ka sa alama ba. Abin da ba ka san aikinsa ba, kada ka toshe. Hanyar nan sau ɗaya ta buɗe mana, muka kashe ranar da tiyon ruwa.

Na leƙa abokina yau da safe. Ledar na rataye a ƙusa bayan ƙofarsa, shi yana zaune da waya a hannu yana jiran wani ya hau tudu. Ku sa Inna a addu'a.