Settimio Ɗan Sahun Farko

Da yaƙi ya ƙare, Jamusawa suka tattara nasu ya nasu suka yi arewa, sai garinmu Roccatorda ya wayi gari babu ɗan jam'iyyar fasist ko ɗaya. Abin mamaki! Garin da jiya-jiya in an buga ganga ran Asabar filin gaban majami'a ba masaka tsinke, kowa cikin baƙar riga, hannu a sama. Rigunan nan mata suka farke su suka koma tsumman goge murhu. Duk wanda ka tambaya sai ya rage murya ya ce ai shi tun farko abin bai kwanta masa a rai ba. Mutum ɗaya ne bai sami wannan ƙofa ba, domin da bakinsa ya toshe ta fiye da shekara ashirin: Settimio Baldoni, mai tsaron shingen jirgin ƙasa.

Settimio ɗan mai gyaran takalma ne, na bakwai a ɗakin uwarsa, kuma tun yana yaro ba wanda ya taɓa juyowa ya dube shi sau biyu. A kakar shekarar 1922, da 'yan baƙar riga suka yi shelar za su yi tattaki zuwa Ruma su karɓi mulki, shi abu biyu ya ji a cikin shelar: jirgi kyauta, abinci kyauta. Ya ari rigar makokin gwaggonsa, ya cusa gindinta cikin wando, ya hau. Shi kaɗai ya fita daga garinmu.

Jirgi ya tsaya a tashar Orte, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Ruwa kamar da bakin ƙwarya, abincin da aka yi alkawari kuwa ko ƙamshinsa. Yunwa ta kori Settimio zuwa bayan tasha, inda wata mata ke sayar da miyar wake da burodi a ƙarƙashin rumfa. 'Yarta ce ke zubawa, wata siririya mai suna Zelinda, wadda ta dubi rigarsa mai maɓallan mata ta danne dariya. Yana tsakiyar ci jirgi ya yi kuka. Ya ji sarai, kunnensa ƙalau. Ya dubi tasha, ya dubi yarinyar, ya miƙa mata kwano ya ce, “A ƙara.”

Ni dai a ganina bai taɓa yin abin hankali irin wannan ba, kafin nan ko bayan nan. Ya zauna yana yi wa uwar faskare, yana wanke kwanoni, yana ba 'yar dariya, har jiragen masu tattaki suka fara dawowa. Ya shige cikinsu, ya baza kunne, ya kwashi labarin Ruma kaf daga bakinsu. Da ya sauka a garinmu, mura ce a ƙirjinsa, labari a bakinsa.

A labarin nasa, shekarar farko ƙofar birni kawai ya gani. Da aka jima sai ya zama shi ya riƙe tuta. Daga baya har kogi ya ƙetare, ruwa ya kai masa iya wuya, bindiga a ka. Can gaba har Jagoran jam'iyyar, mai sanƙon nan, ya leƙo daga bene, idonsa ya faɗa cikin na Settimio, ya gyaɗa kai. A shagon wanzami ake ba shi kujerar gaba, a mashaya ba ya sayen giya da kansa. Mutumin da ba a taɓa kallo ba, sai ga shi in ya yi gyaran murya ana yin shiru.

Jam'iyyar kuwa tana da son jera mutane kamar tukwane a kanta. A sama akwai 'yan sahun farko, waɗanda suka shiga tun kafin mulki ya zo hannu, suka yi tattakin. Ƙasa da su waɗanda suka shigo da suka ga inda iska ta kaɗa. A can ƙasa 'yan burodi, masu karɓar katin jam'iyya don kada a kore su daga aiki, kuma su ne kusan kowa. Ɗan sahun farko lambar girma ake liƙa masa, in aiki ya taso shi ake fara ba. Da haka Settimio ya sami shingen jirgi, da jan gidan benen da ke biye da aikin: rijiya a tsakar gida, inabi a kan ƙofa, fili a baya. Ya je ya auro Zelinda, ya gaya wa gari a kasuwar shanu ya gan ta.

Ita kuwa ta ja bakinta ta yi gum. Allah bai ba su haihuwa ba, sai gidan ya zama ɗanta. Ta shuka tumatir da kabewa, ta kiwata zomaye, ta shafe bangon ciki da farar ƙasa duk bazara. In mijin ya fara labari a gaban baƙi, sai ta tuna ta bar wani abu a wuta. Duk shekara, ranar tunawa da tattaki, akan ɗora shi kan dandamali gaban 'yan makaranta ya ba su labarin kogin nan. Bai taɓa marin kowa ba, wannan gaskiya ne. Amma cikin yaran da suka saurare shi baki buɗe akwai waɗanda suka girma suka roƙi a tura su yaƙin Rasha, kuma ban iya tuna wannan ba tare da raina ya ɓaci ba.

To, yanzu sabuwar gwamnati ta aiko da umarni a tace ma'aikata, kuma jerin nan na jam'iyya shi aka ɗauka, aka kifa shi. Ɗan burodi a yi masa faɗa ya koma aiki. Ɗan sahun farko a kore shi. In an kori mai tsaron shinge kuwa, gida ya tafi.

Ranar da za a saurare shi, da safe, Zelinda ta same shi yana ba zomaye ciyawa.

“Setti, ka ji ni da kyau. Yau za ka ce musu a Orte ka sauka.”

“Haba, Zeli! A gaban Torello wanzami? A gaban gari?”

“Gari ne zai ba ka ɗaki? Ko Torello ne zai haƙa mini rijiya?”

“Ai an san ni da...”

“An san ka da surutu. Ni na san ka da kwano a hannu. In ba za ka faɗa ba, ni zan faɗa, kai naka kawai ka ce haka ne. Ko wannan ma ya fi ƙarfin jarumin kogi?”

Ya ce ya ji. Ya cire lambarsa daga kwat, ya rasa inda zai ajiye ta, ya jefa a aljihu.

Kwamitin mutum uku ne, suna zama a benen majalisar gari. Akwai Lauya Fioroni, wanda muke ce wa Sor Lauya don girmamawa, shi ne shugaba, mutum mai son sulhu da abincin rana a kan lokaci. Akwai Malam Ubaldo, malamin makaranta ɗan kwaminis, wanda ya yi shekaru a tsare a wani tsibiri ya dawo ba haƙoran gaba. Sai Don Remigio, limamin cocinmu. Tun da suka fara zama ba su yarda da juna kan mene ne ma fasist ɗin ba, kuma kowace safiya daga nan suke farawa.

“Sanda ce,” in ji Malam Ubaldo. “Masu gonaki da masu masana'antu suka saye ta don fasa kan ma'aikaci. Shi ke nan.”

“Zazzaɓi ne, Malam,” in ji Lauya. “Ya kama ƙasa, ya sake ta. Ina ka taɓa jin an ɗaure mutum don ya yi zazzaɓi?”

“Bautar gunki ce,” in ji Don Remigio. “An ɗauki gwamnati an zaunar a kujerar Ubangiji.”

“Kai da ka yayyafa wa tutarsu ruwa mai tsarki, Fada?”

“Ƙyallen na yayyafa wa, ɗana. Ban karanta abin da ke jiki ba.”

Da wannan ma'auni mai baki uku kowa ya sami ramin da zai bi ya fita. Magatakarda ya ce don 'ya'yansa ya yi. Mai kemis, wanda daga shagonsa ake ɗaukar man gelon da ake ɗura wa 'yan adawa har su ɓata wando a titi, ya ce shi magani ya sayar, bai tambayi mara lafiya ba. Torello wanzami, da ya yi shekaru yana buga wa jam'iyya ganga, ya ce shi kiɗa yake so tun yana yaro. Duk aka zuba su a 'yan burodi. Sai abin ya fara zama abin kunya: a aika wa babban birnin lardi cewa gari guda ya yi shekara ashirin yana ɗaga hannu ba fasist ko na magani? Shi ya sa ranar Settimio ɗaki ya cika har matakala.

Shaidu suka yi ta tashi, kuma ba wanda ya yi masa ƙage. “Da bakinsa ya gaya mini, ina yi masa aski,” in ji Torello. “Ruwa iya wuya, ranka ya daɗe, iya wuya!”

Sannan Zelinda ta tashi, ta gyara ɗankwali. Ba ta taɓa magana a gaban taro ba. Ta faɗi ruwan sama, ta faɗi rumfar uwarta, ta faɗi rigar makoki mai maɓallan mata. “Jirgi ya yi kuka, Sor Lauya, ya ji. Ya kalle ni, ya miƙo kwano ya ce a ƙara. Ruma ko a mafarki. Yana bayan tasha yana yi mana faskare.” Ta faɗi wannan na ƙarshen da wani ɗan murmushi, don a wurinta ba abin kunya take tonawa ba. Abin da ya fi komai daɗi a rayuwarta take faɗa, karon farko.

Ɗaki ya ɗauki dariya har tagogi na motsi. Lauya ya buga tebur, amma shi ma kafaɗunsa rawa suke.

“To, ƙafa ake dubawa,” ya ce da ya sami numfashi. “Ƙafarsa ba ta je ba. Ba ɗan sahun farko ba ne.”

“Niyya ake dubawa,” in ji Don Remigio. “Da niyyar Ruma ya hau jirgi. Wake ne ya tare shi.”

Malam Ubaldo bai yi dariya ba. “Su waɗanda suka je fa? A jirgi suka je, a zaune, bayan an riga an miƙa wa ubangidansu mulki. Suka zaga gari suka dawo suka ce sun ci birni da yaƙi. Tattakin gaba ɗaya ƙarya ce. In haka ne, wanda ya fi kowa iya ƙaryar shi ne cikakken ɗan fasist. Kuma ɗalibaina ya yi wa ita.”

“Malam, in muka bi wannan, rabin ƙasa za mu kora, rana kuma ta yi,” in ji Lauya. Ya juya. “Sor Settimio, abu mai sauƙi. Ka faɗa da bakinka cewa maganar matarka gaskiya ce, mu sa ka cikin 'yan burodi, ka koma gidanka.”

“'Yan burodi ina!” Torello ya ɗaga murya daga baya. “A buɗe masa nasa sahun: 'yan miya! Sora Zelinda, a ƙara masa!”

Settimio ya miƙe. Ya dubi fuskokin nan da suka saba yin shiru in ya yi gyaran murya, duk sun yage baki har kunne. Ya ga sauran ransa a shimfiɗe: duk inda ya gifta wani zai miƙo masa kwano. Ya ga ɗan mai gyaran takalma, na bakwai, yana jiransa a bakin ƙofa. Ya dubi Zelinda, tana gyaɗa masa kai a hankali. Wallahi na ji tausayinsa a lokacin, ko da yake da ina kusa da na make shi.

Ya yi gyaran murya, aka yi tsit.

“Matata ta manyanta, Sor Lauya, abubuwa na rikice mata. A kasuwar shanu na gan ta. Ni na je Ruma.” Ya zaro lambar daga aljihu ya liƙa a ƙirji. “Ruwa ya kai mini iya wuya.”

Ajiyar zuciyar da garin nan ya yi, sai ka ce an sauke masa buhun gishiri. Roccatorda ta sami ɗan fasist ɗinta. Mutanen ukun suka sa hannu ba musu, karon farko tun da aka haɗa su, Lauya kuma ya ci abincinsa da zafi.

Kafin a tsinki inabi aka ce su tashi. Suka ɗora katifa da tukwane da kejin zomaye a kan amalanken aro, za su wani ɗaki da ɗan'uwansa ya ba su a bayan shagon takalma. Matar sabon mai tsaro tana tsaye a bakin rijiya tana jira su fita. Zelinda ta hau ta zauna ta ba gidan baya, ba ta yi kuka ba. Settimio ya kama linzamin alfadari, ya tsaya yana murza shi.

“Zeli,” ya ce a hankali, “ai ke kin san yadda abin yake.”

Ta dube shi sama da ƙasa, irin kallon da ake yi wa baƙo.

“Da wa kake, bawan Allah? Ni wanda na aura, a Orte ya sauka. Kai kuwa ka wuce.”