Gishirin Baba Kuku

Baba Kuku ya ƙare ƙuruciyarsa a kicin ɗin makarantar kwana, gaban tukwanen da sai mutum biyu ke iya sauke su. Can ba ya ɗanɗana miya. Gwangwani ne ma'auninsa: kaza na gishiri, kaza na mai, hannu ya riga ya haddace. Da aka yi masa ritaya, zama ya gagare shi. Sai ya ɗauko tsohon burinsa na yin amalanken abinci, shinkafa da miya da taliya, ya kafa a bakin masana'antar da ke ƙarshen layinsu, inda ma'aikata ke fitowa da rana suna neman abin sa wa a ciki.

Shirin na mutum biyu ne, shi da autarsa. Ita ta zana amalanken a bayan kwali, ita ta tsaya kan mai walda har ya sa aljihun cokula da maƙalin laima, ya kuma rage tsayin teburin don kada ta riƙa ɗage wajen zuba abinci. Tare suka zagaya kasuwa neman kuloli, tana taya ciniki yana gyaɗa kai. Takan ce shi ne mai tukunya, ita ce mai baki, don in aka bar shi da masu saye har su tafi bai ce musu sannu ba.

Abin da bai faɗa wa kowa ba, tun wani zazzaɓi da ya kwantar da shi a shekararsa ta ƙarshe a aiki, harshensa ya dushe. Shi kansa bai yarda da hakan ba. Ƙaramar tukunya kuwa ba ta san gwangwani ba, dole sai an ɗanɗana. Ya kai ludayi baki, ya ji salam, ya ƙara. Ya sake ji, ya sake ƙarawa.

Ranar girkin gwaji na farko, Auta ta kai loma ɗaya ta ajiye cokali. A hankali ta ce masa gishiri ya ɗan zarce. Baba Kuku ba mai faɗa ba ne, amma ranar a gaban surukarsa, matar ɗansa, da jikoki ya ce,

"Ke da aka haifa ina kan murhu, yau ke za ki koya mini miya? In kin fi ni iyawa, ga ludayi."

Ba ta karɓa ba. Ta ci gaba da goge kuloli, ta ɗinke yagewar laima, amma an daina jin dariyarta a tsakar gida. Da wata ƙawarta ta samo mata aikin ɗinki a wani gari mai nisa, ta zo ta durƙusa ta nemi izini. Yana son ya ce ta zauna, sai ya ji bakinsa yana sa mata albarka.

Daga nan gidan ya koyi darasi. Duk gwajin da ya yi, sai a ce madalla. Uwargidansa ta ci ta kora da ruwa kofi bayan kofi, surukar ta ce za ta kai ɗaki ta ci a natse. Shi kuwa yana ta fenti, yana ɗaure tayoyi, yana jin komai ya kammala.

Ana gab da fitar da amalanken ƙanwar matarsa ta zo kwana biyu. Ita dama tsakaninsu ba a ɓoye-ɓoye, wasa ya ba ta wannan dama. Ta kai cokali baki, ta runtse ido.

"Mijin Yaya, wannan miya ce ko maganin kashe ciyawa? Wa kake shirin aikawa asibiti?"

Ya yi dariya, ya waiga don a taya shi. Ba wanda ya taya. Matarsa ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zane, surukar ta tuna ta bar ruwa a wuta. Ya daɗe yana kallon tukunyar, sannan ya tambayi matarsa tun yaushe. Ta ce tun ranar farko.

Washegari ya kira Auta a waya. Suka gaisa, ya tambayi aiki, ya tambayi masauki, ya zagaya ya zagaya, da ƙyar ya ce mata maganarta ta ranar nan gaskiya ce. Ta ce ba komai Baba, ya wuce. Amma an riga an ba ta keken ɗinki nata a wurin aikin, ta kama ɗaki, mutane sun amince da ita. Ba ta ce ba za ta dawo ba, shi ma bai tambaya ba, don ya ji amsar a muryarta.

Amalanken ya fita. Yanzu uwargidan ce ke sa gishiri a gida kafin ya tura, don gwiwoyinta ba sa barinta tsayuwar titi. Ciniki ba yabo ba fallasa. Wasu sukan wuce shi zuwa wurin wani mai abinci mai surutu a gaba. Yana tsaye shi kaɗai, ya zuba, ya miƙa, sannan ya tsura wa mai saye ido har lomar farko ta shiga. Wani lokaci mutum yakan tsargu ya ce, "Baba, lafiya?" Sai ya ce lafiya lau, ya juya yana goge murfin kula.